Ferrari mai lamba 3851GT: darajar takardun mallaka daga Maranello zuwa Gusau

A ranar 14 ga watan Agustan 2014, a wani gwanjo da kamfanin Bonhams ya shirya a garin Carmel da ke jihar Kaliforniya a Amurka, an sayar da wata tsohuwar mota ƙirar Ferrari 250 GTO a kan dala miliyan 38 da dubu 115. A canjin wancan lokaci kuɗin ya haura naira biliyan 6. Kafin wannan rana ba a taɓa sayar da wata mota a gwanjo da tsada irin wannan ba.

Motar ta shekara 52 a duniya a lokacin. Kujera biyu gare ta, ba rediyo, ba na'urar sanyaya iska. Ta taɓa yin hatsarin da ya kashe direbanta, ta kuma sake yin wani bayansa. A wuraren sayar da motoci na Gusau ko Kano, wannan labari kaɗai ya isa ya karya farashin kowace mota, shi ya sa dillalai ke ɓoye shi. A Carmel kuwa an buga labarin dalla-dalla a littafin gwanjo, kuma yana cikin abin da mai saye ya biya kuɗi dominsa.

Masu lura da wannan kasuwa sun daɗe suna cewa abin da ke ɗaga darajar irin waɗannan motoci shi ne salsalar mallakarsu: wa ya fara saye, wa ya sayar wa wa, a wace shekara, kuma ina takardar da ta tabbatar da hakan. Tambayar da ke bayan wannan salsala, wato wane ne mai motar na haƙiƙa, ita ce ta kai ɗan shugaban wata ƙasar Afirka gaban masu gabatar da ƙara a Turai, ita ce kuma ta sa gwamnatin jihar Zamfara da tsohon gwamnanta suka shafe fiye da shekara biyu a kotu.

Motoci 36 kacal

Kamfanin Ferrari, wanda ke garin Maranello a arewacin Italiya, ya ƙera motocin 250 GTO ne tsakanin 1962 da 1964 domin gasar tsere. Guda 36 ya yi. Injinta mai silinda 12 ne, kowace silinda na da faɗin cc 250, kuma daga nan lambar da ke cikin sunan ta samo asali. Harafin ƙarshe na sunan yana nufin cewa hukumar tseren motoci ta duniya ta amince da ita. Ƙa'idar hukumar a lokacin ita ce sai an ƙera mota 100 kafin a ba da wannan amincewa, amma Enzo Ferrari, mai kamfanin, ya kafe cewa motar gyaran fuska ce kawai aka yi wa wata tsohuwar ƙira da aka riga aka amince da ita, kuma hukumar ta yarda. Motar ta ci wa kamfanin kambin duniya na ajinta shekara uku a jere.

Farashinta sabuwa a Amurka dala dubu 18 ne, kuma kuɗi kaɗai ba su isa ba, sai Enzo Ferrari ko wakilinsa a Amurka, Luigi Chinetti, sun gamsu da mai saye. Wannan tsauri ya haifar da abin da ba a yi niyya ba: tun daga ranar farko an san sunan wanda ya karɓi kowace mota, da lambar da aka buga a jikin ƙarfenta, wadda makanikai ke kira lambar casis. Da wannan lamba ake kiran kowace ɗaya har yau, kamar yadda makiyayi ke kiran shanunsa da sunayensu.

Hannu huɗu cikin shekara uku

Mai lamba 3851GT ta fito daga masana'anta a watan Satumban 1962. Wanda ya fara mallakarta shi ne Jo Schlesser, wani direban tsere ɗan ƙasar Faransa. Cikin kwanaki kaɗan ya shiga da ita gasar zagaye Faransa ta motoci tare da abokinsa Henri Oreiller, suka zo na biyu. Oreiller ba ƙaramin mutum ba ne a ƙasarsa, domin ya ci lambobin zinariya biyu a wasan zamiya kan ƙanƙara a gasar Olympics ta 1948. A ranar 7 ga watan Oktoban 1962, a filin tsere na Montlhéry da ke kudu da birnin Paris, motar ta ƙwace masa, ya rasa ransa.

An mayar da abin da ya rage na motar Maranello, kamfanin da kansa ya sake gina ta. Wannan batu na da muhimmanci ga masu saye na yau, saboda gyaran da masana'anta ta yi da hannunta, ta kuma rubuta a kundinta, ba a ɗaukarsa a matsayin aibi. Shi ma Schlesser a kan hanyar tsere ya gamu da ajalinsa, a garin Rouen a 1968, cikin wata mota daban.

Daga nan motar ta koma hannun wani ɗan Italiya, Paolo Colombo, wanda ya yi tseren hawan duwatsu da ita a 1963. Sai Ernesto Prinoth, wanda shi ma ya kifar da ita a filin Monza a 1964. A 1965 ta zama tsohon yayi. Ƙa'idojin gasa sun sauya, an fito da motoci masu inji a bayan direba waɗanda suka fi ta gudu, kuma babu wanda ke sha'awar motar tsere da ba za ta ci gasa ba. A wannan shekara ce wani matashi ɗan birnin Rum, Fabrizio Violati, wanda danginsa ke sana'ar ruwan kwalba, ya saye ta a kan lira miliyan 2 da rabi, kimanin dala dubu 4.

Violati bai sake rabuwa da ita ba. Ya ci gaba da tuƙa ta a gasar tsofaffin motoci, daga baya ya ajiye ta a gidan tarihin motocin da ya kafa a ƙaramar ƙasar San Marino. Ya rasu a 2010, kuma motar ta ci gaba da zama cikin tarin motocin da ya bari har zuwa gwanjon 2014. Shekara 49 ke nan a wuri guda, ba saye, ba sayarwa, ba jingina. Malaman hadisi za su gane abin da masu gwanjo ke tallatawa a nan: salsala gajera, mutanen cikinta sanannu, babu inda ta yanke.

Tsada da jabu

Sauran 'yan uwanta ma haka tarihinsu yake a rubuce. Nick Mason, makaɗin gangar ƙungiyar mawaƙan Pink Floyd ta Birtaniya, ya sayi tasa a ƙarshen shekarun 1970 a kan kuɗin da bai kai fam dubu 40 ba. A 2018 an sayar da mai lamba 3413GT a gwanjo a kan dala miliyan 48 da dubu 400, kuma a wannan shekara rahotanni suka ce wani attajirin Amurka, David MacNeil, ya biya kimanin dala miliyan 70 a kan mai lamba 4153GT, wadda ta lashe gasar zagaye Faransa ta 1964. A watan Nuwamban 2023 an sayar da wata a birnin New York a kan dala miliyan 51 da dubu 700.

Ba kullum farashin ke hawa ba. A 1989, lokacin da kuɗi suka yi wa attajiran Japan yawa, ɗaya daga cikinsu ya biya fiye da dala miliyan 13 a kan ɗaya daga cikin motocin. Bayan shekara biyar, da kasuwar ta faɗi, an sayar da ita a kan abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗi ba. Takarda tana tabbatar da asalin mota, amma ba ta hana mai ita tafka asara.

Inda kuɗi suka kai haka, dole masu jabu su shigo. Akwai maƙera a Italiya da Birtaniya da ke iya ɗaukar wata tsohuwar Ferrari mai araha ta zamanin, su cire gangar jikinta, su ƙera mata irin ta GTO da hannu, ta yadda ido ba zai bambance su ba. Ƙarfe ɗaya, ƙara ɗaya, gudu kusan ɗaya, amma farashi ya bambanta ninki goma ko fiye. Saboda haka a 2006 kamfanin ya buɗe wani sashe mai suna Ferrari Classiche, wanda aikinsa shi ne gwada lambobin jiki da na inji da na giya da abin da ke rubuce a kundin masana'anta, sannan ya ba da shaida cikin wani jan littafi. A 2019 ma wata kotu a birnin Bologna ta yanke hukunci cewa ƙirar 250 GTO aikin fasaha ne da doka ta kare, kamar zane ko sassaƙa.

Idan salsala ta yanke

Labarin wata Ferrari daban, ƙirar 375 Plus mai lamba 0384AM, ya nuna abin da ke faruwa idan aka samu giɓi. Kamfanin ya yi tsere da ita a 1954. A 1958 wani injiniya a birnin Cincinnati na Amurka, Karl Kleptz, ya saye ta a lalace a kan dala 2,500, ya ajiye ta a fili tsawon kusan shekara 30. A shekarun 1980 aka sace ta. Ta ɓulla a ƙasar Beljiyam, inda Jacques Swaters, wakilin Ferrari a ƙasar kuma tsohon direban tsere, ya saye ta ya kashe kuɗi masu yawa wajen gyara ta.

Daga nan aka samu masu mota biyu. Ɗaya na riƙe da motar a Turai, ɗayan na riƙe da takardar mallaka da wasu sassan motar a Amurka. Kleptz ya rasu a 2003, Swaters ya rasu a 2010, magadansu suka gaji rigimar. A 2014 aka kai motar gwanjo a Ingila bisa zaton an sasanta, attajirin Amurka Les Wexner ya saya a kan fam miliyan 10 da dubu 700, sai ga wasu masu da'awa sun sake fitowa. Wexner ya kai kamfanin gwanjon ƙara a babbar kotun Landan, kuma ba a rufe maganar ba sai a 2016. Satar da aka yi cikin dare ɗaya ta ci kusan shekara 30 na shari'a a nahiyoyi biyu.

Amma lambar da ke haddasa irin wannan rigima ita ce kuma ke tona asirin ɓarawo. A watan Afrilun 1995 aka sace motar Ferrari F512M ta direban tsere Gerhard Berger a garin Imola na Italiya. Aka kai ta Japan, ta yi ɓatan dabo. A ƙarshen 2023 aka shigo da ita Birtaniya domin sayar wa wani Ba'amurke, kamfanin Ferrari ya duba lambarta a kundinsa, ya sanar da 'yan sandan Landan. A watan Maris na 2024 suka ba da sanarwar ƙwato ta, bayan shekara 28.

Motocin ɗan shugaban ƙasa

Akwai tambayar da wannan kasuwa ba ta cika son yi ba. Littafin gwanjo zai faɗi sunan kowane mai mota da shekarar da ya saya, amma ba ya faɗin inda ya samo kuɗin. Wannan ɓangare masu gabatar da ƙara ne ke cike shi, kuma mafi shaharar misali daga Afirka ya fito.

Teodoro Nguema Obiang Mangue, wanda aka fi sani da Teodorin, ɗa ne ga shugaban ƙasar Ikwatoriyal Gini da ya karɓi mulki tun 1979. A 2014 ya sasanta da ma'aikatar shari'a ta Amurka, ya amince ya rabu da kadarorin da suka haura dala miliyan 30, ciki har da wani katafaren gida a Malibu, da motar Ferrari, da wasu kayan tarihi na mawaƙi Michael Jackson. A 2016 masu gabatar da ƙara a birnin Geneva na ƙasar Suwizalan suka buɗe bincike kan zargin halatta kuɗin haram, suka kama motocinsa. Ya musanta aikata laifi, gwamnatin ƙasarsa kuma ta yi ikirarin cewa motocin na hukuma ne.

A watan Fabrairun 2019 aka rufe binciken bisa yarjejeniyar cewa za a sayar da motoci 25, a zuba kuɗin cikin ayyukan jin daɗin jama'a a Ikwatoriyal Gini. An yi gwanjon ranar 29 ga watan Satumban 2019, aka tara kimanin dala miliyan 27. Wadda ta fi tsada ita ce Lamborghini Veneno Roadster, ita ma 'yar Italiya, ɗaya daga cikin tara kacal da aka ƙera. An saye ta a kan fiye da dala miliyan 8. Tafiyar da ta taɓa yi duka-duka kilomita 325 ce, wato ta ɗara tafiyar Gusau zuwa Sakkwato, ba ta isa zuwa da dawowa ba. Motar da guda tara ce a duniya ba ta ɓoyuwa, kuma ƙarancin da ya sa ake alfahari da ita shi ne ya sauƙaƙa wa masu bincike aiki.

Shari'ar motocin Gusau

A Geneva gwamnati ce ke cewa motocin nata ne domin ta kare ɗan shugaban ƙasa. A Zamfara lamarin ya juya: gwamnati na cewa nata ne, tsohon gwamna na cewa nasa ne.

Bayan Dauda Lawal ya kayar da Bello Matawalle a zaɓen watan Maris na 2023, sabuwar gwamnati ta zargi tsohon gwamnan da tafiya da motocin hukuma, ta kuma ba shi wa'adin mayar da su. A watan Yunin 2023 'yan sanda suka shiga gidajensa a Gusau da Maradun, suka kwashe motoci fiye da 40, wasu daga ciki masu sulke. Matawalle, wanda aka naɗa ƙaramin ministan tsaro a watan Agustan wannan shekara, ya ce motocin mallakarsa ne, ya kuma bayyana matakin da cewa bi-ta-da-ƙulli ne na siyasa. Da farko babbar kotun tarayya a Gusau ta ba da umarnin a mayar masa da su. Daga baya shari'ar ta koma Sakkwato, inda babbar kotun tarayya ta kori ƙararsa a watan Disamban 2023. A watan Agustan 2025 kotun ɗaukaka ƙara da ke Sakkwato ta tabbatar da wannan hukunci, kuma a cewar gwamnatin jihar, alƙalan sun ce bai gabatar da gamsasshiyar hujjar mallaka ba.

Babu Ferrari a cikin waɗannan motoci, kuma babu wadda ta kai shekara 60. Wannan shi ne abin da ya kamata ya dami jama'ar jihar, ko wane ɓangare suke goyon baya. Motar da aka saya da kuɗin hukuma ya kamata ta fi kowace Ferrari yawan takardu: tana cikin kasafin kuɗi, akwai takardar kwangila, akwai takardar biya daga baitulmali, akwai ta kwastan, sannan akwai rajistar kadarorin gwamnati. Motar da mutum ya saya da kuɗinsa ita ma tana da rasiti da sunansa. Idan har ana iya bin sawun motar 1962 hannu bayan hannu a ƙasashe uku, bai kamata sanin mai motar da aka saya shekara uku ko huɗu da suka wuce ya buƙaci samamen 'yan sanda da kotuna uku ba.

Matsalar ba ta Zamfara kaɗai ba ce. Kusan duk lokacin da mulki ya sauya hannu daga wata jam'iyya zuwa wata a Najeriya, sai an kafa kwamitin ƙwato motoci. Abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne al'adar sayar wa jami'ai masu barin gado motocin ofis a farashi mai rahusa, da dokokin fansho na tsofaffin gwamnoni da a jihohi da dama suka tanadi motoci. Zamfara ta soke tata dokar fanshon a watan Nuwamban 2019, kuma Matawalle ne da kansa ya sa hannu.

Mai saye na uku

Wanda ya fi shan wahalar yankewar salsala shi ne wanda ba shi da lauya. Manomi daga Kekun Waje a ƙaramar hukumar Bungudu, ko ɗan kasuwa daga Tsafe, da ya tara kuɗin amfanin gona ya shigo Gusau sayen mota ko babur, yawanci shi ne na uku ko na huɗu a jerin masu saye. Da yawa daga cikin motocin da ake kira 'yan Kwatano sun sauka ne a tashar jiragen ruwa ta Jamhuriyar Benin, suka ratso Nijar, suka shigo ta Jibiya ko Illela. Daga ranar 1 ga watan Janairun 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A watan Maris na wannan shekara hukumar kwastan, ƙarƙashin Hameed Ali, ta nemi duk mai motar da ba a biya mata fito ba ya je ya biya, ko da ba shi ne ya shigo da ita ba. Sai da majalisar dattawa ta sa baki aka dakatar da shirin.

Mutanen Zamfara sun san wannan matsala ta wata fuskar da ta fi ta mota ciwo. Lokacin da gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin dabbobi na mako-mako a 2021, ɗaya daga cikin dalilanta shi ne shanun sata na shiga kasuwa su fita da sabon mai su, ba tare da an iya gano daga garken da aka koro su ba.

Mota ta fi saniya sauƙin bibiya. Tun daga 1981 motocin da ake sayarwa a Amurka ke ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, kuma tsarin ya yaɗu zuwa sauran ƙasashe. Ana ganin lambar a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol na da kundin motocin da aka sace, kuma hukumar kwastan ta Najeriya ta fara amfani da wannan lamba wajen ƙiyasta fito a 2022. A watan Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo da su Najeriya.

Idan irin wannan mota ta riga ta shiga hannun wanda ya saya da zuciya ɗaya, doka ba ta cika tsaya masa ba. Dokar ciniki da Najeriya ta gada daga Ingila an gina ta ne a kan cewa mutum ba ya iya sayar da abin da ba nasa ba, ko da yake akwai 'yan togaciya. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Zamfara ke aiki da shi, ya yi bayanin wannan a babin istihƙaƙi: idan mai kaya na asali ya kawo hujja, zai karɓi abinsa daga hannun wanda ya same shi, shi kuma mai saye ya koma ya nemi kuɗinsa wurin wanda ya sayar masa. Les Wexner ya samu kamfanin gwanjo mai ofis a Landan da zai kai ƙara. Mai saye daga Kekun Waje kuwa sai ya nemo dillalin da ya karɓi la'ada, da shaidu biyun da suka sa hannu a takardar ciniki, sannan ya duba ko an rubuta lambar jikin motar a kan takardar.